Ya dawo gida da ƙaramin tumbi: kula da wanda aka yi wa aikin rage ƙiba

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa mata da dattawan ikilisiyoyi a taron koyar da kiwon lafiya. Mun buga shi domin a karanta a zumunta.

 

Na san wasu za su yi mamakin kan maganarmu ta yau. A ƙauyukanmu abin da muka saba yaƙi da shi shi ne tamowa a jikin yara, da rumbu da yake ƙarewa kafin sabon hatsi ya nuna. To me ya kawo zancen rage ƙiba? Dalilin shi ne 'ya'yanmu sun watsu. Akwai na Legas, akwai na Abuja, akwai na Ingila da Amurka. Ana yin wannan aiki a wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, wasu kuma suna tafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya. In an sallame su, ko in Kirsimati ta zo, gida suke dawowa, a hannunmu. Bayan haka, wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki ko ciwon daji, kusan irin wannan kulawa yake bukata. Saboda haka ku kasa kunne, ko da ba ku da mai ƙiba a gida.

Mun taso muna ɗaukar ƙiba alamar hutu da jin daɗi. Amma akwai ƙibar da ciwo ce. Ita ce take jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da minsharin da yake ɗauke numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita. Ba kowane mai jiki ake yi wa aiki ba. Likita yana gwada nauyi da tsayi. Misali, macen da tsayinta mita 1.6 ne, in ta kai kilo 90 ta shiga sahun waɗanda ake iya yi wa. In ta kai kilo 100, ku tuna buhun masara ke nan take ɗauke da shi dare da rana, ba ta saukewa.

Aikin iri 2 ne aka fi yi. Na farko, wanda ya fi yawa yanzu, ana yanke kamar kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri mai kama da ayaba. Likitoci suna kiransa hannun riga. Na biyu shi ne aikin ratse. Ana ware 'yar jaka daga saman tumbi, girmanta bai wuce ƙwan kaza ba, a haɗa ta kai tsaye da hanji, sai abinci ya ratse sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita a jihar Ayowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara wannan a wajejen 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa. Aikin yana da amfani. A ƙasar Suwidin an bi mutane fiye da 4,000 tun daga 1987, a 2007 aka bayyana cewa mutuwa ta fi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka yi wa aikin.

Yau ba a tsaga ciki. Ƙananan huda ake yi, 4 ko 5, su warke cikin makonni kaɗan. A nan ne ruɗu yake farawa. Kuna ganin mutum yana tafiya, babu babban tabo, sai ku ce ya warke. A ciki kuwa akwai dogon ɗinki wanda yake bukatar kamar makonni 6 kafin ya yi ƙarfi. Cikin waɗannan makonni babu daka, babu noma, babu ɗaukar jarkar ruwa ko itace. Tafiya a hankali kuwa ana so tun ranar farko, domin tana hana jini daskarewa a ƙafa.

Yanzu ga abinci, kuma a nan zan daɗe.

Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita 1 ko fiye. Bayan aikin ratse, jakar da aka bari tana ɗaukar kamar cokali 2 na cin abinci. Ku duba cokalin da ke gidanku ku yi tunani. Makonni 2 na farko ruwa-ruwa ne kawai: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, madara, kindirmo da aka dama ya tsinke, koko marar kauri da ba a sa sukari ba. Kurɓi kaɗan-kaɗan, ba ɗaga kwano ba. Mako na 3 da na 4 sai abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaron da ake yayewa: alale mai taushi, dafaffen kifi da aka cire ƙaya aka murje, wake da aka surfe aka dafa ya narke, kabewa. Daga mako na 5 a shiga ƙwai, awara, gwaten acca da ya dahu sosai, naman kaza da aka dafa har yana faɗuwa daga ƙashi. Wajen mako na 7 ko na 8 ake fara gwada abincin gida, abu ɗaya a rana, domin a gane wanda ciki ya ƙi. In asibitin da ya yi aikin ya ba da takarda mai kwanaki dabam da nawa, ku bi tasu.

A al'adarmu tuwo ne sarki, nama kuwa a ƙarshe ake cinye shi. Ga wannan mutum sai a juya. Nama ko kifi ko wake ne farko, ganyen miya ya biyo, in wuri ya rage sai loma 1 ko 2 ta tuwo. Jikinsa yana bukatar giram 60 zuwa 80 na abinci mai gina jiki kowace rana. Ƙwai 1 yana da giram 6 ne kawai. Kun ga ba a ci ɗaya za a same shi ba, sai an rarraba sau 5 ko 6: ƙwai da safe, kindirmo da hantsi, kifi da rana, alale da yamma. In tuwo ya riga ya cika wurin, naman jikinsa ne zai narke, ya rasa ƙarfi. Kowace loma a tauna ta har ta zama kamar kunu, a yi minti 20 ko 30 a kan ɗan abin da ke kwano. Burodi, teba, shinkafa, tsire, kilishi da ganda sukan tsaya a ƙirji a watannin farko. Rake da mangwaro mai zare su ma a dakata.

Iyayena mata, da ku nake. Na san yadda zuciyar uwa take in ta ga ɗanta ya ci cokali 3 ya ture kwano. Za ki ce abincinki ne bai yi daɗi ba, ko birni ta sa masa girman kai. Sai ki fara: ƙara kaɗan, don ni, ko ka raina girkina ne? Shi kuma don kunya sai ya ƙara. Wannan lomar ta kunya ita ce take kawo amai da ciwo, a makonnin farko ma tana iya taɓa ɗinki. In ya ce ya ƙoshi, ya ƙoshi. A aikin hannun riga, sashen da ake cirewa shi ne yake fitar da yawancin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Shi ya sa wasu suke yin watanni ba su ji yunwa ba, har sai an tuna musu lokacin ci. Aikinki ke nan, Mama: ki riƙa tuna masa lokaci, ki zuba masa a kwanon yaro, ki ba shi tsokar da ta fi laushi. In ya bi ku gaisuwa gida-gida ranar Kirsimati, ke za ki riga shi yin bayani, kada a ce ya ƙi abincin mutane.

Ruwa kuma yana da tasa doka. Ba a haɗa shi da abinci. A jira minti 30 bayan ci. Amma a yini sai ya sha lita 1.5 zuwa 2, wato ledar ruwa 3 ko 4, da kurɓi-kurɓi tun safe har dare. Rashin ruwa a jiki yana cikin manyan abubuwan da suke mayar da su asibiti, balle a watan Maris da Afrilu. In fitsari ya yi ja, ya ragu, ruwa bai isa ba. Ruwan ya zama tafasasshe ko mai tsabta, nono ma wanda aka dafa, domin zawon kwana ɗaya yana kayar da wanda ba ya iya shan kofi guda a tashi ɗaya.

Lemon kwalba, zoɓo mai sukari, kunun zaƙi, fura da aka cika wa sukari, duk a ajiye su. Musamman ga mai aikin ratse, zaƙi yana zubowa cikin hanji gaba ɗaya. Bayan minti 10 zuwa 30 sai gumi, jiri, bugun zuciya, murɗawar ciki da zawo. Mai kallo zai ce iska ce ta buge shi. Ya kwanta, zai wuce. Wani kuma sai bayan awa 1 zuwa 3 jikinsa ya kama rawa domin sukarin jini ya faɗi. Giya da burukutu suna shiga jini da sauri fiye da dā, kaɗan ya isa ya bugar, kuma an ga waɗanda dā ba mashaya ba ne sun kamu da sha bayan aikin. Taba tana kawo gyambo a wurin ɗinki.

Ga abin da na fi jin tsoro a ƙauye. Mutum ya ji sauƙi, ƙwayoyin bitamin da ya zo da su suka ƙare, kemis na nesa, sai ya bari. Waɗannan ƙwayoyi na har abada ne. Ƙaramin tumbi ba ya iya tsotse bitamin B12, da sinadarin ƙarin jini, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi kamar dā. Ƙarancinsu ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan watanni ko shekaru a ga kasala, fari a ido, tafin ƙafa yana zafi ko ya mutu, mantuwa. Wasu allurar B12 ake yi musu duk wata 3. Zogale da hanta suna taimako, amma ba su maye gurbin ƙwayar. Akwai kuma bitamin B1, wanda ajiyarsa a jiki ba ta wuce makonni 2 zuwa 3. Wanda yake ta amai kwana da kwanaki, ko da zazzaɓin cizon sauro ne ya jawo, in ya fara tangaɗi, ko gani biyu-biyu, ko ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar. A gaya wa ma'aikacin lafiya cewa an yi masa aikin tumbi, a ba shi B1 kafin a ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari. In an makara, lahanin da zai yi wa ƙwaƙwalwa ba lallai ya gyaru ba.

Maganin ciwon jiki da muke saye a kasuwa, ibuprofen, diclofenac, asfirin, har da garin Alabukun domin akwai asfirin a cikinsa, suna cin tumbi. Farasitamol ya fi masa. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba a bar su. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma, ciwon yakan sauka da sauri bayan aikin, wani tun kafin ya rame. In ya ci gaba da shan magani yadda ya saba, zai iya faɗuwa sumamme. A riƙa awo, likita ya rage masa.

A watan farko, in kun ga zuciya tana gudu fiye da 120 a minti ɗaya, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwo a kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko baƙin bayan gida, kada a jira gari ya waye. A nemi mota zuwa babban asibiti inda akwai likitan fiɗa.

Daga wata na 3 zuwa na 6 gashi yakan zube, amma yana dawowa. Mutum zai riƙa jin sanyi, fatar hannu da ta ciki ta saki. Cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yakan zubar da kamar kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Mai kilo 120 ya koma 85 ko 90. Mu da muka ga zamanin ƙanjamau mun san abin da baki yake faɗa in mutum ya rame haka. Wasu za su ce ciwon zamani ne, wasu su ce sammu ne ko mayu. Dattawa, ku kashe wannan magana tun tana ƙarama. Mutumin nan yana da abin da ya ishe shi: dā abinci ne abokin damuwarsa, yanzu an raba su, wasu sukan shiga baƙin ciki mai nauyi. In ya daina fita, ya daina barci, ko ya fara maganar gajiya da rai, a zauna da shi, a kuma kai shi wurin likita.

Ga matan aure: haihuwa takan buɗe bayan an rame, har ga wadda ta daɗe tana nema. Amma a jira wata 12 zuwa 18 kafin a ɗauki ciki, domin jikin da yake zubewa ba zai ciyar da biyu ba. Dangin miji su yi haƙuri. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba ta da tabbas bayan aikin ratse, a tambayi wata hanya a asibiti.

Baba Fasto, in ikilisiya ta sa azumi, ina roƙo a gaya wa irin wannan ɗan'uwa a fili cewa an ɗauke masa a shekarar farko, sai in likitansa ya yarda. Shi da kansa zai ji nauyin tambaya.

Abu na ƙarshe, takarda. Duk wanda ya dawo, ku tambaye shi takardar sallama mai sunan aikin da aka yi, da ranar, da magungunan da yake sha. A yi mata hoto a waya, a kai kwafi kilinik ɗin da ya fi kusa. Awon jini kuma a wata na 3, na 6, na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da iyayenmu mata na baya.