Haƙƙinki Yana Rubuce, Sai Dai Ki Je Ki Karɓo Shi

Jawabin da aka gabatar a madadin 'yan kasuwa na ajin yaƙi da jahilci, ranar bikin zagayowar kafa ƙungiya, a Bukkuyum

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Uwar ƙungiya, shugaba da 'yan kwamitinta, malamanmu na aji, iyayenmu da mazajenmu da suka taho taya mu murna, 'yan uwa mata na cikin gari da na Nasarawar Burkullu, Masama, Gwashi da Zugu, da baƙinmu daga Anka da Gummi, barkanmu da wanga taro. Allah ya maida kowa gida lafiya.

Kowace shekara a rana irin ta yau lissafin adashi da rance muke saurare. Bana mun roƙi kwamiti ya ba mu dama mu yi maganar kotu. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun da 'yan bindiga suka sa ƙasar nan gaba, balle bayan harin watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, matan da suka rasa mazajensu sun ƙaru cikinmu. Ana gama takaba sai wata jarabawar ta taso: gona, gida, shanu, da riƙon yara. Wata a ce mata "dangi za su kula", shekara ta zagayo ba ta ga ko tiya ɗaya ba. Mace ta ci rance wurinmu don ta ciyar da marayu, alhali gonar ubansu tana hannun wani. To kun ga maganar gado maganar ƙungiya ce.

Bari mu fara da abin da malamai suka karantar da mu daga Suratun Nisa'i, mu yi shi da buhu yadda muka saba a kasuwa. Mutum ya rasu, iyayensa ba su da rai. Ya bar mata ɗaya, ɗiya mata biyu, da ƙanensa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, sai aka samu buhu 24 na gero. Matar tana da tumuni, buhu 3. Ɗiyan nan mata biyu suna da buhu 16. Ƙane ya ɗauki 5 da suka rage. In da mamacin ya bar ɗa namiji, ƙanen ba ya da ko zangarniya. Haka lissafin yake ga gona, haka ga gida. Sadakin da ba a gama biya ba bashi ne, ana fitar da shi kafin rabo. Awakinki, kayan ɗakinki da jarinki na ƙuli-ƙuli ba sa cikin gadon miji, naki ne tun asali.

Wannan haƙƙi Allah ne ya yanka shi, ba gwamnati ba, ba wata ƙungiya ba. To mene ne ke hana shi isowa hannu? Rashin sani, kunya, rashin shaida, da rashin mai rakiya. A nan ne ƙungiyoyin lauyoyi masu tsaya wa mata suka yi aikin da ya kamata mu sani.

Kowa ya tuna an fara aiki da dokar Shari'a a Zamfara a watan Janairun 2000. Ba a daɗe ba wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya, Bariya Ibrahim Magazu, hukuncin bulala saboda an same ta da ciki ba aure. Ƙungiyar BAOBAB, wadda su Ayesha Imam suka kafa a 1996, ta shiga shirin ɗaukaka mata ƙara. Amma a watan Janairun 2001 aka yi mata bulala 100 tun kotu ta sama ba ta saurari ƙarar ba. Darasin farko ke nan: a sha'anin shari'a lokaci ba ya jira.

Bayanta sai Safiya Husaini ta Tungar Tudu a jihar Sakkwato. Kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa a watan Oktoban 2001. Wannan karon lauyoyi sun iso da wuri, da goyon bayan BAOBAB da WRAPA, ƙungiyar da Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Cikin hujjojin har da cewa abin da ake tuhumar ta da shi ya faru tun dokar ba ta fara aiki ba, kuma ba a yi mata bayanin tuhumar yadda za ta gane ba.

Cikin wannan watan ne kotun Bakori a jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin wannan hukunci. Aka ɗaukaka zuwa Funtuwa, aka faɗi. Lauyoyinta, su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ba su karaya ba, suka wuce Katsina. Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar suka wanke ta. Ku saurari abin da aka kafa hujja da shi. Alƙali ɗaya ne ya yi shari'ar farko, alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu. An hana ta janye iƙirarinta, alhali fiƙihu ya ba ta dama. Sannan a mazhabar Malikiyya akwai maganar kwantaccen ciki, wanda ake iya jingina shi ga tsohon miji ko da an yi shekaru da saki.

'Yan uwa, a lura da wanga wuri da kyau, don mun sha jin ana cewa waɗannan ƙungiyoyi aikin Turawa suke yi. Duniya ta yi ta surutu a rediyo, gaskiya ne. Amma abin da ya fitar da Safiya da Amina littattafan malamanmu ne, a gaban alƙalanmu Musulmi, a Sakkwato da Katsina. Lauyoyin sun buɗe abin da ke rubuce ne suka nuna inda ƙaramar kotu ta tsallake. Alƙali ɗan Adam ne, yana iya kuskure, don haka aka yi kotu sama da kotu. Ɗaukaka ƙara ba raina Shari'a ba ne, cikin Shari'ar yake.

Mu leƙa maƙwabta. A yankin Birnin Ƙonni na Nijar an sayar da wata yarinya, Hadizatu Mani, tana da shekara 12, a matsayin wahaya. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta, wai ta yi aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata har gaban Kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Mace ce 'yar ƙauye kamar mu, ta yi shari'a da gwamnati ta ci.

A kudancin ƙasar nan kuma, wata mata Gladys Ukeje, mahaifinta ya rasu a 1981, aka ce al'adar Ibo ba ta ba ɗiya mace gado, aka ma yi musun cewa ɗiyarsa ce. Sai a watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta rushe wannan al'ada, ta ce ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana nuna wa mutum bambanci don shi namiji ne ko mace. Kun san babbar shaidarta? Takardar haihuwa. Abin da ta yi shekaru fiye da 30 tana nema, mu addini ya ba mu shi tun tuni. Ashe in muka bar namu ya salwanta, asarar ta fi ciwo.

Mun sani shari'o'in Safiya da Amina na rai da mutuwa ne, namu kuwa galibi na gona ne da ciyarwa da kul'i da riƙon yara. Amma abin da ke sa a ci ɗaya ne: takarda, shaida, zuwa a kan lokaci, da mai tsaya maka. Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Wadda ta ba da bashin man gyaɗa ba shaida ba rubutu, ranar biya sai rantse-rantse.

Ba mu ce kowace rigima a ruga kotu ba. Sulhu alheri ne. A fara da dattawan gida, da liman, da mai unguwa, da hakimi. Sai dai in an yi sulhu a rubuta shi, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. In sulhu ya ƙi, ga kotun Shari'a nan kusa. In hukunci bai gamsar ba, akwai babbar kotun Shari'a, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Gusau. Wa'adin ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne, saboda haka ranar da aka yanke hukunci a tambayi magatakarda, a nemi kwafin hukuncin, a karɓi rasit na duk kuɗin da aka biya. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, akwai kuma FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata.

Mun san abin da ke cikin zukatanku: hanyar Gusau ta tsoro ce, kuɗin mota ya yi tsada, ga bakin mutane, a ce wance ta kai ƙanen mijinta ƙara ta ɓata zumunci. Wallahi duk gaskiya ne. Amma wanda ya riƙe gonar marayu shi ya fara ɓata zumuncin. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mace ɗaya ke jin nauyinsa, mata ashirin ba su ji.

Saboda haka ga abin da muke roƙon wanga taro ya amince da shi.

Na ɗaya, a buɗe asusun shari'a, kowace mamba ta riƙa jefa naira 100 ranar zubin adashi, don kuɗin mota da na shigar da ƙara. Ba rance ba ne, taimako ne.

Na biyu, kada mambarmu ta sake shiga kotu ko zauren sulhu ita kaɗai. A zaɓi mata biyu masu karatu su riƙa rakiya, suna rubuta abin da aka ce da ranar da aka ɗage zama.

Na uku, a ajinmu a ware darasi na karanta sammaci, rasit da takardar cinikin gona. Wadda ke dangwala yatsa kan abin da ba ta karanta ba, makauniya ce a tsakiyar kasuwa.

Na huɗu, kowace uwa ta nemo wa yaranta takardar haihuwa, a adana ta tare da takardar aure ko ta saki cikin leda a ƙasan akwati. In gudu ya kama, Allah ya tsare, ita ce farkon abin ɗauka.

Na biyar, kwamiti ya gayyato lauya mace da malamin gado su zauna da mu kafin bikin baɗi.

Ku kuma iyayenmu da mazajenmu, muna roƙonku don Allah: ku faɗi iyakar gonakinku a gaban shaidu tun kuna da rai, ku rubuta bashin da ake binku da wanda kuke bi. In an ba ku amanar marayu, ku yi lissafi a fili. Ɗiyan da muke magana a kansu naku ne.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya raya marayunmu, ya kawo muna zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ya ja zamanin wagga ƙungiya.