Uban Kiɗa da Yaransa: Shugabancin Ƙungiyar Makaɗa a Gabashin Sakkwato



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin mutumin da yake shugabantar ƙungiyar makaɗa, da kuma hanyar da yake bi kafin ya kai ga wannan matsayi. Zan ɗauki misalaina daga ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo da maƙwabtansu, amma ina neman izini in fara daga Turai, domin kwatanci yakan sa mutum ya ga abin da ke gabansa da kyau.

Turawa suna da babbar ƙungiyar kiɗa da suke kira okestira, wadda takan kai mutum tamanin ko ɗari, kowa da takardar da aka rubuta masa abin da zai kaɗa ko ya busa. A gabansu akwai mutum guda, ya juya wa 'yan kallo baya, ba ya kiɗa, ba ya waƙa, sai dai ya riƙa nuni da 'yar sanda. Bari mu kira shi madugu. Shi ne mai faɗin inda za a hanzarta, da inda za a sassauta, da wanda zai shigo. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin madugan nan a ƙungiyoyin yara suka tashi. Simon Rattle na Ingila, wanda ya shugabanci babbar okestira ta birnin Balin daga 2002 zuwa 2018, da kiɗan ganga ya fara a wata ƙungiyar matasa ta yankin Libaful. Gustavo Dudamel kuwa ya fito ne daga shirin koya wa yara kiɗa da José Antonio Abreu ya kafa a Benezuwela a 1975. Watau su Turawa sun raba abin gida biyu: ƙungiyar ƙwararru daban, ta yara daban, ta biyun tana ciyar da ta farkon.

Mu a nan ba mu raba ba. Uban kiɗa na Hausa shi ne madugu, shi ne mai tsara waƙa, shi ne mai rera ta, kuma makarantar yara tana cikin ƙungiyarsa. Ba shi da takarda, ba shi da sanda. Da murya yake mulki, da ido, da kafaɗa.

Mu ɗauki Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin 'Yar Tsakkuwa ta gundumar Gandi a ƙasar Raba, wanda ya rasu a 1986. Makaɗin maza ne, kalangu ne kayan kiɗansa, kuma duk wanda ya ji sunan Shago ko Ɗandunawa a fagen dambe, ta bakinsa ya fi jin su. Ku dubi wahalar aikinsa. Madugun Turai ya san ƙarshen kiɗan tun kafin a fara. Ɗan'anace bai san wanda zai faɗi ba. Idonsa ɗaya yana kan 'yan dambe, ɗayan yana kan yaransa. Idan wani gwarzo ya ratso fage, dole kalangai su juya zuwa takensa nan take, masu kiɗan su matse tsarkiya ko su sake ta, har ganga ta faɗi abin da ake so ta faɗa. Idan an yi kisa, ɗan waƙar da ba a shirya ba zai fito, 'yan amshi kuma su cafe shi kamar sun kwana da shi. Wannan ba sa'a ba ce. Horo ne na shekaru.

Makaɗan fada sun fi kowa tsananta wannan horo. Salihu Jankiɗi, mai taushi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Musa Ɗanƙwairo, masu kotso, duk sun riƙe ƙungiyoyin da a cikinsu mai amshi shi ne kuma mai kiɗa. A ƙasar Sakkwato 'yan karɓi ake ce musu. Aikinsu ya wuce maimaita gindin waƙa. Wani lokaci jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su tarbe ta su ƙarasa. Wani lokaci su yi ƙari, su kawo abin da bai faɗa ba. Wanda ya saurari waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Raba, wanda ya yi hakimcin garin tun 1934, zai ji cewa sau da yawa karɓi ya fi jagoranci tsawo. A ganina, a nan ne gwanintar Ɗanƙwairo take, fiye da zaƙin muryar da aka san shi da ita: ya iya yin shiru a inda ya kamata, ya bar yaransa su ɗauki nauyin.

Yaya mutum yake kai wa nan? Yaro yakan fara da ɗaukar kaya da shanya ganguna. Daga nan a ba shi ƙaramar ganga, kuntuku ko kanzagi, wadda aikinta riƙe amo guda ba tare da kauce wa ba. Kuma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san ba ƙaramin abu ba ne yaro ya riƙe amo guda alhali manya suna ta sarrafa nasu a kusa da kunnensa. Sa'an nan ya shiga karɓi. In ya yi fice, ya zama mataimaki. Ɗanƙwairo kansa ya riƙe matsayin Daudun Kiɗa a ƙarƙashin wansa Kurna a Maradun kafin ya tsaya da ƙafarsa. A wannan doguwar hanya ba kiɗa kaɗai yaro yake koyo ba. Yana koyon asalin sarakuna, da wanda ake gabatarwa da wanda ake jinkirtawa, da kuma rabon kyauta, wanda shi ne ya fi kome wargaza ƙungiya in uban kiɗa bai yi adalci ba.

Akwai kuma makaranta ta biyu, watau dandali da gonar gayya. A can ne saurayi mai kalangu ko gangar noma yake fara jan 'yan'uwansa samari, ya yi kuskure a gaban waɗanda ba za su kore shi ba. Wannan ita ce tamu ƙungiyar yara.

Kada a manta, sana'ar ba ta taɓa zama da cikakken mutunci a wannan yanki ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a can ya rasu a 1837, kuma shugabannin jihadi sun taƙaita kiɗa ƙwarai a rubuce-rubucensu. Duk da haka fada ta riƙe makaɗanta, gona da fage suka riƙe nasu. Abin da ke barazana yanzu daban ne. Na farko, na'ura guda a ɗakin ɗaukar waƙa tana yin aikin mutum goma, mawaƙi ba ya bukatar ya ciyar da kowa ko ya horar da kowa. Na biyu, rashin tsaro. Bayan harin ƙauyen Tabanni na ƙasar Gandi a 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 inda aka kashe mutum fiye da arba'in, wane uba ne zai saki ɗansa ya bi makaɗa ƙauye-ƙauye da dare?

Mu a jami'a mun yi ƙoƙari wajen rubuta matanin waƙoƙi, kuma tun 1971 David Ames da Anthony King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafi. Amma faifai murya yake adanawa, ba ya nuna ƙiftawar idon da ta sa kotso biyar suka tsaya tare. Shawarata ga Sashen Harsunan Nijeriya ita ce a nemo tsofaffin 'yan karɓi da ke raye a Raba da Isa da Maradun, a ɗauke su aikin koyarwa da albashi, a ba kowannensu yara goma da ganguna, a kuma ɗauki hoton darasin daga gefen da fuskar jagora take.