Hakin gidanka, damuwar maƙwabcinka

   

Yau ba maganar taki ko iri na kawo maku ba. Maganar haki ce. Wani zai ce: haki har ya isa a tara mutane a kansa? Ya isa. Ku tambayi bulaman garinku, zai gaya maku.

Ga abin da na gani da idona wata shekara, a wata unguwa nan Maine-Sorowa. Mutum biyu ne, darni guda ya raba gidajensu. Ɗaya ya kwashe iyalinsa, ya tafi aikin tattasai bakin Komadugu, wajen Difa. Damana ta yi kyau. Haki ya cika gidansa har ƙugu, ya bushe. Maƙwabcin kuwa rumbunsa na jikin darnin nan, ga ƴaƴa ƙanana. Wata rana aka kashe kububuwa kusa da randar ruwansa. Ya yi aike, bai samu amsa ba. Sai ya ɗauki lauje da hauya, ya shiga gidan. Ya share kome ƙal, ya tara, ya sa wuta. Iska ta taso, wuta ta ci rabin darni. Allah ya kiyaye, ba ta kai ga rumbu ba.

Da mai gida ya komo, sai rigima.

Ya ce: "Malam, ka shiga gidana ba sallama."

Wancan ya ce: "Yaya, macijin gidanka ma bai yi mani sallama ba."

Mai gida ya ce ciyawar nan ta ragunansa ce, ya bar ta don rani. Matarsa ta ce har yaɗiyar da take tsinka an sare. Akwai kuma kalimbo a gabas da gidan, shi ma an tumɓuke shi. Da hunturu ya zo, rairayi ya taru jikin gidajen duka biyu. Wata uku ba su gaisa ba, matansu ba su aron turmi.

To, wa ke da gaskiya? Ni dai a ganina kowa na da rabi. Abin da ya ɓata su shi ne ba su bambanta haki da haki ba.

Mu nan Mangari ba kamar mutanen kudu muke ba. Ƙasarmu rairayi ce. Tsofaffi sun tuna farin 1973 da na 1984. Bayan su ne tuddan rairayi suka yi ta tafiya, suna rufe gonaki da kwaruruka masu dabino da kanwa, daga nan har Gudumariya da Gure. Kun ga yadda ake saran kalimbo ana yin shinge bisa tudu don a tsaida rairayi. Abin da ake wahala a kafa bisa tudu, don me za ka tumɓuke shi a bayan gidanka? Ko ƙarangiya, da take damun ƙafa da wando, tana riƙe ƙasa, dabbobi kuma suna ci. A shekarun yunwa har mutane ta ceta. Yaɗiya da tafasa kuwa abinci ne, iyaye mata sun fi ni sani.

Amma akwai hakin da ba ya tsayawa inda ya tsiro. Wannan ba naka ba ne kai kaɗai.

Na farkonsu ƙuduji. Kun san shi a gonar hatsi, da furensa mai kyau kamar ba mugu ba. Saiwarsa tana kama saiwar hatsi, tana shan ruwansa da abincinsa tun yana ƙarƙashin ƙasa. Tushe guda yana zuba ƴaƴa dubbai, ƙanana kamar ƙura. Iska na ɗauka, ruwa na ɗauka, kofaton bisashe na ɗauka. Suna iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran hatsi. Ashe in ka bar shi ya yi ƴaƴa a gonarka, ka shuka shi ke nan a gonar maƙwabcinka. In ya yi maka magana, kada ka ce ina ruwansa. Da ruwansa. A tuge shi da ya fara fure, kafin ya yi ƴaƴa. A fitar da shi daga gona a ƙone. Kada a yada shi kan iyaka. A kuma zuba takin gida, don ƙuduji ya fi ƙarfi a gajiyayyar ƙasa.

Sai itacen ƙayar nan da malaman gandun daji ke kira furosofis. Wajen 1977 aka dasa shi a yankin Tabkin Cadi don tsaida rairayi. Bisashe suka ci ƴaƴansa, suka yaɗa shi cikin kashinsu, har ya zama daji. Yana ba da makamashi da gawayi, ba a musu. Amma in ka yi shinge da shi, ka riƙa sassabe reshen da ya ƙetara. Ƙayarsa ba ta san ɗan wa ta soka ba.

Zaƙami kuma guba ne. Kada a bar shi inda yara ke wasa, ko gidan wa ne.

Game da sauro, ku gane: cikin ruwa kwance yake haihuwa, cikin haki yake ɓuya da rana. In ka share haki ka bar fasasshiyar tukunya da ruwa, rabin aiki ka yi.

Masu garka a bakin Komadugu su ma suna da tasu. Hanyar ruwa guda ce, na sama bai yashe hakin wajensa ba, na ƙasa ya sayi man inji amma ruwa bai iso ga tattasansa ba. Ku sa rana guda ta gayya kafin dashe, kowa da hauyarsa.

Yanzu, in hakin maƙwabcinka ya dame ka, yaya za ka yi? Ka fara zuwa da ƙafarka, ka yi sallama, ka faɗa mashi. Kada ka aiki yaro, kada ka yi habaici ta bisa darni. Kada kuma ka yi saurin cewa raggo ne. Wata gwauruwa ce ba ta da mai taimako. Wani tsoho ne. Tun 2015 rashin kwanciyar hankali ya tada mutane da yawa daga garuruwansu a wannan jiha, sun bar gida da gona ba da sonsu ba. In mai wuri ba ya nan, ka nemi ɗan uwansa. In babu, ka je wurin bulama, a zo da shaidu. A share taki uku ko huɗu daga jikin darni da rumbu, a ɗaure ciyawar a aje mashi. Wuta kam, kada mutum guda ya sa ta, kuma ba a sa ta da iska.

Kai kuma mai tafiya, ka bar wakili.

In magana ta shafi iyakar gona, ta fi ƙarfin bulama, sai a kai ga sarki. Tun 1993 ƙasarmu ta yi dokar karkara, aka kafa kwamitocin filaye da ake ce ma Kofo. In an yi sulhu, a rubuta shi a takarda. Nan ne karatunku zai yi maku rana: ka karanta da kanka kafin ka sa hannu.

Mutanen nan biyu, bulama ya sulhunta su. Mai wuta ya gyara darni. Mai gida ya yi alkawarin yanke ciyawarsa kafin ya tafi Komadugu. Rairayin kuwa tare suka kwashe shi da amalanke, kwana biyu.

Ran karatu mai zuwa, kowa ya zo da haki iri uku daga gidansa ko gonarsa. Za mu rubuta sunansu a allo, da Hausa da Barbarci, mu ware na tugewa da na bari. Wanda ya kawo ƙuduji ya ƙunshe shi da kyau, kada ya zuba mana shi a hanya.