Kumburin mai jego: jawabi a taron ƙungiya



Mun sha ganin mace ta haihu lahiya, an yi suna, bayan wata guda ƙahwahu su kumbura, numfashi ya sarƙe, ba ta iya kwana sai zaune. Mukan ce sanyi ne ko iska. Sau da yawa zuciya ce ta gaza.

Akwai wani sinadari, prolaktin, mai hitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke kawo ruwan nono. A 2007 masu bincike a Jamus sunka nuna yakan tsage a jikin wasu mata, guntun ya ɓata ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da zuciya. Mu kuwa sai mu ɗora kunun kanwa sahe da marece, gishirinta na tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya sunka ja kunne a kan haka.

Kada a yanke ma jinjiri nono, sai in likita ya ce. Wanda zai tahi Abijan ya bar mace da ciki, ya aje kuɗin mota hannun ma'ajinmu. Ranar da kumburi ya hito, a kai ta asibiti, ba sai an jira aikensa ba.