Saita Ajiyar Ko-ta-kwana a Intanet: Inda Ake Yin Tuntuɓe



Da yawa daga cikinku za su ce suna da ajiyar ko-ta-kwana tunda fayilolinsu na kan Google Drive. To, a yi hattara. Manhajar da ke daidaita kwamfuta da rumbun intanet tana kwaikwayon duk abin da ka yi ne. Ka goge kundin digirinka bisa kuskure, can ma ta goge shi, kwandon shararta kuma kwana 30 kawai yake riƙe shi. Idan ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta shigo, irin WannaCry ta 2017, manhajar na iya loda kullallun. Saboda haka wajen saita manhajar ajiya irin restic ko Duplicati, abu na farko shi ne a umarce ta ta riƙe tsofaffin kwafi: na kullum har mako guda, na wata-wata har shekara.

Kada a ce a kwashe komai. Windows da manhajoji ana iya sake girka su. Takardu, hotuna da bayanan bincike su ne ba a sayensu a kasuwa. Kuma ku yi lissafi: gigabayit 50 a kan layin da ke loda megabit 1 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana huɗu, ga kuɗin data, ga ɗaukewar wuta. Sauƙin abin, wannan wahalar ta karon farko ce. Daga nan abin da ya canja kaɗai ake turawa.

Mabuɗin sirrin da ke kulle ajiyar fa, a rubuta shi a takarda a adana wani wuri dabam. Idan yana cikin kwamfutar da ɓarawo ya ɗauke, kamfanin da ke riƙe da ajiyar ma ba zai iya buɗe maka ita ba.

Inda na fi so ku tsaya shi ne gwaji. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Hanyoyin kariya biyar suke da su, amma da aka waiwaye su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa shiru, saƙon gargaɗin da take aikawa ta imel kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Waɗannan fa ƙwararru ne, sana'arsu ke nan.

Don haka ranar da kuka gama saiti, ku zaɓi fayil ɗaya ku dawo da shi a kan wata kwamfutar, da mabuɗin da ke takardar nan, ku buɗe shi ku karanta. Ku sa ranar maimaita wannan a kalanda duk wata. Shugaban taro, ina ganin sai mu karɓi tambayoyi.