Haƙƙin Ɗaukaka Ƙara Kan Buƙatar Gyara Hukuncin da Ya Saɓa wa Doka: Darasi Daga Jihar Tenesi ta Amurka



Matsayin wannan takarda shi ne, fursunan da ya roƙi kotu ta gyara hukuncin da doka ba ta ba alƙali ikon yankewa ba, aka ƙi, ya cancanci kotu ta sama ta saurare shi. Ba kowane kuskure ne ke haramta hukunci ba. A shari'ar Hill ta 1962, Kotun Ƙolin Amurka ta ce hana wanda ake tuhuma yin magana kafin a yanke masa hukunci kuskure ne, amma bai mai da hukuncin haramtacce ba. Haramtacce shi ne wanda ya fita daga hurumin doka, misali a ɗaure mutum shekara 15 kan laifin da iyakarsa 10.

Tarihin Tenesi ya nuna illar ba da haƙƙi a toshe hanyarsa. Tun 1978, a shari'ar Burkhart, kotun ƙolin jihar ta ce alƙali na iya gyara irin wannan hukunci a kowane lokaci. Sai dai ƙa'idojin ɗaukaka ƙara ba su ba fursuna damar wucewa gaba kai tsaye idan alƙali ya ƙi ba. A 2005, shari'ar Moody ta tura fursunoni ga ƙarar ƙalubalantar tsarewa, mai tsauraran sharuɗɗa. Sai a 2013 Ƙa'ida ta 36.1 ta kotunan jihar ta fara aiki, ta ba fursuna da gwamnati damar neman gyara, tare da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Dalilin a fili yake: sau da yawa kotun da ta yi kuskuren ita ake roƙo ta gyara, don haka dole wani ido ya duba.

Masu suka na cewa shari'a tana buƙatar ƙarshe, kuma fursunoni za su cika kotuna da takardu marasa tushe. Damuwar tana da hujja, amma maganinta tacewa ne. A shari'ar Wooden ta 2015, kotun ƙolin jihar ta ce dole buƙatar ta ƙunshi bayanin da, in an ɗauke shi gaskiya, zai nuna hukuncin haramtacce ne. In babu, alƙali ya kore ta ba tare da zama ba. Ƙorafi kan shaidu ko tsananin hukuncin da ke cikin hurumi ba ya shiga nan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A shari'ar Brown ta 2015 kuma, an ce ƙa'idar ba ta shafi hukuncin da wa'adinsa ya ƙare ba.

Saboda haka, ƙarshen da ya kamata a kare shi ne na hukuncin da doka ta halatta. Duk ranar da mutum ya ƙara a gidan yari bayan iyakar da majalisa ta gindaya, ba doka ce ke tsare da shi ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ce ke da ikon faɗin haka idan ta ƙasa ta ƙi.