Jawabin Daraktan Cibiya a Bikin Buɗe Ɗakin Gwajin Filasma

 

Mai girma Kwamishinan Muhalli, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, Shugaban Jami'a da mataimakansa, Magatakarda, Ma'aji, shugabannin tsangayoyi, shehunan malamai, injiniyoyin lantarki, shugabannin masu gyaran firji, 'yan jarida, ɗalibai, iyayena maza da mata, barkanmu da wannan rana.

Alhamdulillahi, cibiyarmu ta horar da ɗalibai, ta yaye masu digiri na biyu, ta ƙulla zumunci da masana a ciki da wajen ƙasa, yau kuma ga ɗakin gwaji.

Aikin ɗakin nan shi ne wargaza iskar gas mai sinadarin fulorin. SF6, wadda ake ɗurawa cikin na'urorin katse wuta a manyan tashoshin lantarki, kilo ɗayanta yana riƙe zafi kamar kilo 23,500 na iskar kabon, kuma takan shekara 3,200 a sararin sama. CF4 ta masana'antar alminiyam takan kai shekara 50,000. Ga kuma HFC ta firji da na'urar sanyaya mota, wadda aka amince a rage ta a Kigali cikin 2016, Najeriya ta tabbatar da amincewarta a 2018. To, wadda ta riga ta shigo, tana jibge cikin tsofaffin silinda, ina za a kai ta?

Ƙona ta na bukatar zafin da ya haura digiri 1,000, domin fulorin in ya kama ba ya saki. Mu kuwa bututun gilashi muke cika wa da ƙwayoyin alumina, mu saki lantarki na dubban bolt. Elektiron su ne ke ɗaukar ƙarfin, su yi ta dukan iskar har ta tarwatse, alhali bututun ɗumi kawai yake yi. Alumina da tururin ruwa suna kama fulorin ɗin kada ya koma yadda yake, sannan mu bi da abin da ya fito ta cikin ruwan farar ƙasa, ya kwanta ya zama gari.

Na ga Ma'aji yana duban agogo. Ranka ya daɗe, ka ƙara haƙuri, kanka na zo.

Jama'a, gini ba shi ne bincike ba. Mun sha ganin an yanke ƙyalle, an yi tafi, bayan shekara gizo-gizo ya karɓi makulli. Alumina tana ƙarewa, domin fulorin yana cinye ta. Asid ɗin fulorin da ke fitowa yana cin gilashi, dole a riƙa sauya bututu. Babbar magana kuma ita ce wuta. SF6 ba ta da dafi, amma idan ta fashe rabi da rabi, abin da take haifarwa guba ne. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, fankar da ke zuƙe hayaƙi ta tsaya, 'ya'yan mutane ne a cikin ɗakin. Ni ba zan sa hannu a kunna na'urar nan ba sai an ba mu sola da batir namu na kanmu. Na faɗa a ofis, na rubuta, yau na maimaita a gaban wakilin Sarki domin a samu shaida. Muna kuma neman kason kuɗi na kowace shekara, da ƙwararren ma'aikaci na dindindin, ba na aro ba.

Ku kuma da ke hira a baya, da ku nake: wanda na kama ya shiga ba safar hannu ba tabarau, ya gama da ɗakin nan. Asid ɗin fulorin yana ratsa fata har ƙashi.

Masu gyaran firji, don Allah ku daina sakin gas a iska. Ku tara a silinda, ku zo mu zauna.

Mai girma Kwamishina, takardar bukatunmu tana hannun mataimakinka, muna roƙo a sa mu cikin kasafin baɗi.